Yadda Na Nemo Dawakan da Suka Ɓace wa Motata

Wata babbar mota da na kasa wucewa ce ta sa ni cikin wannan aiki. Hanya ce mai hannu biyu, ga ɗan hawa, mu huɗu ne a mota da kayanmu maƙil a but. Na leƙa na ga gaba fayau, na dawo giya ta uku, na taka totur har ƙasa. Injin ya ɗauki kuka, allurar juyi tana hawa a hankali kamar mai jin barci, muka jera da babbar motar kafaɗa da kafaɗa, ban wuce ba ban koma ba. Can sai ga fitilar wata mota ta ɓullo tana tahowa. Na saki totur, na taka birki, na koma inda na fito. Babu wanda ya ce uffan a cikin motar, kuma sai da muka yi nisa hannuna ya daina rawa.

Motar ƙarama ce, ƙirar ƙarshen shekarun 1990, injin lita 1.6, silinda huɗu, bawul 16, giyar hannu. Babu turbo, babu wani abin da ke dura mata iska, abin da fiston ya zuƙo da kansa da shi take aiki. A takarda ƙarfinta ya ɗan haura doki 100. Ina son ta, ba ni da kuɗin canza ta, ba ni kuma da kuɗin ɗora mata turbo, wanda ke jawo sabon famfon mai da sababbin injekta da gyaran ƙwaƙwalwar mota, wani lokaci har da fiston. Ni dai burina in taka ta amsa.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Na sayi matatar iskar nan mai siffar mazurari, na cire akwatin iska na asali na ajiye, na ɗaura ta a bakin bututu. Da na tayar na ba ta wuta, sai injin ya yi wani gurnani mai daɗin ji. Kwana uku ina yawo ina gaya wa kowa mota ta farka.

Ƙanena ne ya kawo shakka. Ya ce, "Yaya, ka auna kuwa, ko kunnenka ne ya gaya maka?"

Muka samu miƙaƙƙiyar hanya shimfiɗaɗɗiya da ba kowa a kanta da sassafe, wadda doka ta yarda a yi kilomita 100 a kanta. Tsarin da muka yi, kuma shi na riƙe har ƙarshe: giya ta uku, in daidaita a kan kilomita 40, in taka totur har ƙasa, shi kuma ya danna agogon waya, ya tsayar idan allura ta taɓa 100. Sau uku zuwa, sau uku dawowa, saboda iska da ɗan gangaren da ido ba ya gani, sai mu ɗauki matsakaici. Mai rabin tanki, na'urar sanyaya mota a kashe, mu biyu kawai. Na zaɓi giya ɗaya ne don kada saurin hannuna wajen canza giya ya shiga lissafi, kuma wannan tazara tana ɗaukar injin daga juyi kusan 2,000 zuwa kusan 5,000 a minti, wato inda ake tuƙi na yau da kullum. Da sabuwar matata muka samu daƙiƙa 14.4. Na mayar da tsohon akwati a gefen hanya, muka sake. Daƙiƙa 14.1. Abin da na kashe wa kuɗi ya rage min gudu ne, ƙara kawai ya ƙara. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wannan ya sa na zauna na nemi sanin abin da injin yake yi. Injin fetur famfon iska ne. Mai ba shi ne ƙarancinsa ba, domin zuba mai abu ne mai sauƙi. Iskar da za ta ƙone man ita ce iyaka. Kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone tas yana buƙatar giram 14.7 na iska, kuma idan ana neman ƙarfi na ƙarshe akan ɗan ƙara mai, ya koma wajen 12.5 zuwa 13. Injin lita 1.6 yana cika silindojinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu, don haka a juyi 6,000 mafi yawan abin da zai iya zuƙa lita 4,800 ne a minti, wato lita 80 a daƙiƙa. Injin da ba shi da turbo ba ya wuce wannan iyaka da wani abin kirki. Hanyoyin ƙara masa ƙarfi ke nan: iskar ta shiga da sauƙi, ta zama mai sanyi, a matse ta sosai, a kunna mata wuta a daidai lokaci, hayaƙin ya fita ba tare da ya tare hanya ba, ko kuma injin ya iya juyawa da sauri fiye da da. Wannan na ƙarshe shi ne sirrin ƙananan injinan da suka yi suna. A 1989 Honda ta fitar da injin B16A mai VTEC, wato tsarin da ke canza yadda bawul ke buɗewa in juyi ya hau, lita 1.6 amma ƙarfin doki 160, sai dai ba ya ba da wannan ƙarfi sai ya haura juyi 7,000, kuma tun daga masana'anta aka gina kansa da kamshaf ɗinsa, sandar da ke buɗe bawul, da fistonsa don haka. Ba abin da za ka ɗaura wa injin talaka da sifana biyu ya zama haka.

A nan na gane laifin mazurarin. Akwatin asali yana da hanci da ke jawo iska daga gaban mota. Mazurarin kuwa yana zaune a bayan lagireto, kusa da injin mai zafi, yana shan tururin cikin bonet. Iska idan ta ƙara zafi da digiri 10 nauyinta yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100. Na sayi ƙaramar na'urar nan da ake cusawa a soket ɗin OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ke aika bayanai zuwa waya, ita ce kuma sayayya mafi amfani da na yi a duk wannan tafiya. Amurka ta wajabta wannan soket a motoci tun 1996, Turai kuma a motocin fetur tun 2001, saboda haka yawancin motocin da ke yawo suna da shi. Da ita na ga zafin iskar da ke shiga injin ido da ido. Da mazurari, in na tsaya a cunkoso na ɗan lokaci, lambar takan hau ta wuce zafin waje da digiri 25 ko fiye, kuma ba ta saurin sauka ko na fara tafiya.

Da wannan labari na je wurin wani dattijon makanike da na daɗe da sani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, motarka doki nawa ce?" Na gaya masa abin da ke takarda. Ya ce, "Wannan ranar da ta fito daga kamfani ke nan. Yau doki nawa ce?" Na yi shiru. Ya ce kafin in nemi sababbin dawaki, in fara nemo waɗanda suka tsere daga turke.

Ya cire fulogi huɗun ya jera su a kan tsumma bisa tsarin silindojinsu. Bakinsu ya cinye, tazarar ta buɗe ta kusa ninka yadda ya kamata, na ukun kuma ya fi sauran duhu. Sai ya ɗaura gejin matsi a ramin fulogi ɗaya bayan ɗaya, ni ina taka totur har ƙasa ina murɗa makulli. Na farko 180, na biyu 178, na uku 150, na huɗu 182 a ma'aunin psi. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce kada bambancin da ke tsakanin silindoji ya wuce kashi 10 cikin 100, ga nawa na uku ya faɗi ƙasa da haka sosai. Ya ɗiga ɗan baƙin mai, kamar cokali guda, a cikin silinda ta uku ya sake aunawa. Allura ba ta motsa daga inda take ba.

"Baba, me wannan ke nufi?"

"Da ringin fiston ne, man zai toshe kafar na ɗan lokaci, allura ta hau. Tunda ba ta hau ba, ta sama yake tsiyaya. Bawul ne."

Washegari da injin ya kwana ya huce, ya buɗe murfin sama ya bi bawul 16 ɗin da siraran ƙarafan awo. A kan ɗaya daga bawulolin fitar hayaƙi na silinda ta uku, ko mafi sirantar ƙarfen ya ƙi shiga. Tazarar ta rufe. Da shekaru bawul yakan nutse cikin mazauninsa kaɗan-kaɗan, tazarar ta ragu, har ya kai in injin ya yi zafi bawul ɗin ba ya rufewa ruf. Matsi ya tsere ta nan, wuta kuma ta riƙa lasar gefensa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wannan cuta ba ta da ƙara. Bawul mai sako-sako yana ƙas-ƙas kowa ya ji ya kai gyara, wanda ya matse kuwa shiru yake yi yana cin ka. Ya canza 'yan faifan ƙarfen da ke daidaita tazarar a wurare biyar. Matsi ya hau zuwa 166. Ya ce bawul ɗin ya riga ya ɗan ƙone, wata rana dole a sauke kan injin, amma ba yau ba.

Sauran aikin ranar ba abin burgewa ba ne: sababbin fulogi irin waɗanda littafin motar ya ce, wayoyin fulogi, murfin distiributa mai raba wa fulogi wuta, matatar iska ta takarda, matatar mai da ban san ranar da aka taɓa canza ta ba, wanke maƙogwaron totur, da kai injekta a wanke su a na'ura. Sai wani abu da ban taɓa tunani ba. Ya sa ni in taka totur har ƙasa injin a kashe, shi kuma ya leƙa maƙogwaron. Faifan da ke buɗe wa iska hanya bai buɗe duka ba. Wayar totur ta saki, ga kuma tabarmar ƙafa mai kauri ta shige ƙarƙashin feda. Shekara nawa ina tuƙi ban taɓa buɗe injina gaba ɗaya ba. Gyaran bai kai minti biyar ba, kuma ko sisi bai ci ba.

Muka koma hanyarmu ni da ƙanena. Daƙiƙa 12.5.

Duk da haka motar tana shaƙewa in ta haura juyi 4,000, kamar mai gudu an toshe masa hanci. Baba ya ɗaura gejin zuƙa a manifol ɗin shigar iska. A tsaye allura tana inda ya kamata, wajen 18 zuwa 20. Ya riƙe injin a juyi 2,500, muka zuba wa allura ido, sai ta fara zamewa ƙasa a hankali. Ya ce hayaƙi ne ba ya samun hanya. Da aka kwance tukunyar tace hayaƙi, katalis, aka haska fitila ta ciki, saƙar zumar da ke cikinta ta narke a gefe guda ta dunƙule. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne: tsofaffin fulogi da bawul mai tsiyaya sun daɗe suna tura ɗanyen mai cikin salansa, yana ƙonewa a cikin tukunyar.

A nan mutane da yawa suka ba ni shawara ɗaya, in fasa cikin tukunyar in zubar in mayar da ita fanko. Na ƙi, kuma har yau ina ganin daidai na yi. Katalis mai lafiya ɗan abin da yake ci daga ƙarfin ƙaramin injin bai taka kara ya karya ba. Wanda ya toshe shi ne ɓarawo. Aikinsa kuwa shi ne rage iskar guba irin su kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma yaran da ke tsaye a bakin titi dab da tsayin salansa su ne ke fara shaƙar ta. A ƙasashe da yawa cire shi laifi ne, mota ba za ta ci gwajin hayaƙi ba. Na sa sabo, tare da sabuwar na'urar auna iskar oksijin da ke gabansa, domin tsohuwar ta yi nauyin amsawa, na gani a waya yadda lambarta ke jan ƙafa.

Awo na gaba: daƙiƙa 11.4. Daga 14.1. Ban ƙara wa motar komai da kamfani bai sa mata ba, kuma mafi yawan ribar da na samu a wannan aiki a nan na same ta. Abin da ya biyo baya ƙwalam ne a kan wannan, ko da yake shi ya fi cin lokaci da tunani.

Na koma kan iska, wannan karon da hankali. Na bar akwatin asali da matatar takarda, domin matatar takarda mai tsabta tana wuce iskar da ta ishi injin irin wannan, kuma ta fi kama ƙura. Hancin akwatin ne na ga ya tsuke, yana da wani lanƙwasa da aka yi don rage ƙara. Na maye gurbinsa da bututu mai faɗi mai santsin ciki, na kai bakinsa bayan fitilar gaba inda iskar waje ke bugowa. Ban saukar da shi ƙasa kusa da titi ba, kamar yadda na ga wasu na yi, domin injin da ya zuƙi ruwa a kududdufi sandar fistonsa lanƙwashewa take yi. Ruwa ba ya matsuwa. Zafin iskar shiga ya dawo kusa da na waje in ana tafiya. A agogo ribar ba ta wuce kashi biyu cikin goma na daƙiƙa ba, amma motar ta daina mutuwar jiki bayan tsayuwa a cunkoso, wannan kuma ina jin sa kullum.

Salansa ce ta fi ɗaukar min lokaci wajen yanke shawara, saboda a nan ne aka fi yaudarar mutane da ido. Kowa yana ganin bututu mai faɗi shi ne ƙarfi. Abin ba haka yake ba. Hayaƙi ba ya fita kamar ruwan famfo, fita yake yi dunƙule-dunƙule, kowace silinda ta harbo nata. Kowane dunƙule in yana gudu da sauri yakan bar ɗan gurbi a bayansa, wannan gurbin kuma yana taimakawa wajen jawo sauran hayaƙin daga silinda, har ya fara jawo sabuwar iska a ɗan lokacin da bawul na shiga da na fita suke buɗe tare. In bututu ya yi faɗi da yawa hayaƙin sai ya rage gudu ya huce, wannan jan ya ɓace, motar ta rasa ƙarfi a ƙananan juyi inda aka fi buƙatarsa. Ga injin lita 1.6 da ba a taɓa cikinsa ba, bututu mai faɗin inci 2 zuwa 2 da kwata ya isa. Na tsaya a inci 2.

Manifol ɗin fitar hayaƙi na asali guntun ƙarfen zubi ne, silindoji huɗu suna tofa hayaƙi wuri ɗaya suna karo da juna. Na samu na hannu mai bututu huɗu da ke haɗewa su zama biyu sannan ɗaya. Injin silinda huɗu yana tashi ne a jeren 1, 3, 4, 2, shi ya sa ake haɗa bututun 1 da 4, sannan 2 da 3, don kada silindoji biyu masu bin juna su haɗu a hanya. Akwai wanda huɗun ke haɗewa kai tsaye su zama ɗaya, shi ya fi ba da ƙarfi can sama kusa da jan layin allurar juyi, amma ni ba a can nake zaune ba. Kafin in biya na ɗora fuskarsa a kan gilashi na ga ba ta karkace ba, na duba kowane walda da fitila. Na bar tukunyar rage ƙara ta baya mai kyau, domin ban ga dalilin da zai sa maƙwabtana su san lokacin da nake fita ba. Agogo ya ba da 10.8.

Sai tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Cakudar mai da iska ba fashewa take yi nan take ba, ci take yi, tana buƙatar ɗan lokaci. Shi ya sa ake kunna ta kafin fiston ya kai ƙololuwa, don ƙarfin turawar ya same shi daidai lokacin da ya fara sauka. Injina mai distiributa ne, kamfani ya ce a ba da wuta saura digiri 10 na juyin injin kafin ƙololuwa. Da Baba ya haska fitilar tayimin a kan fulin kiranshaf, sai muka ga yana kan 6. Wani ya taɓa kwance distiributar ya mayar da ido. Muka mayar 10, sannan muka gwada 12, sannan 14. Wannan wuri ne mai haɗari kuma ina so a ji ni da kyau. In wuta ta yi gaba da yawa, sauran cakudar da ke gefe takan fashe da kanta, sai ka ji wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, musamman a hawa, a babbar giya, injin da zafi. Wannan ƙarar fiston take ci. Injina ba shi da na'urar da ke jin ta ta ja wuta baya, kunnenmu ne kawai. Muka hau tudu a giya ta huɗu da rana tsaka, tagogi a buɗe, Baba ya karkata kai yana saurare. A 14 ya ɗaga hannu. "Tsaya, ɗana. Ka ji ta?" Na ji ta, can ƙasa-ƙasa. Muka koma 12 muka ɗaure, ya ja layi da farin fenti a gindin distiributar.

Motocin da suka zo bayan tawa ba su da distiributa, ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da tayimin, sai an sake rubuta mata lissafi. A injin mai turbo wannan yana ba da ƙarfi mai yawa domin ana ƙara matsin iskar ne. A ƙaramin injin da ba turbo kuwa ribar kaɗan ce, sai in an canza kamshaf ko wani babban abu. Haka ma fetur mai babbar lambar okten: ba shi da ƙarin ƙarfi a cikinsa, jure matsi kawai yake yi ba tare da ya fashe ba. Yana amfani ne in injin yana buƙatarsa.

Akwai abubuwan da aka yi ta tallata min na ƙi saye, kuma lissafin lita 80 ɗin nan ne ya tsare ni. Ƙaramar fankar lantarki da ake sawa a bututun iska a kira ta turbo ba za ta iya matse iska mai yawan haka ba, tare hanya ma take yi. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai ba shi da abin da zai yi wa fetur. Ɗan akwatin da ake ce wa cif, wanda ake haɗawa da wayar na'urar auna zafin iska, yawanci ƙaramin rezisto ne a ciki da ke yi wa ƙwaƙwalwa ƙaryar cewa iska ta yi sanyi don ta ƙara mai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori sama da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu wadda ta yi wani tasiri na a zo a gani ba.

Daga nan na bar injin na koma kan abin da yake ja. Mota ba ta san doki nawa take da shi ba, abin da ta sani kilo nawa kowane doki ke ɗauka. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin motoci na Lotus, a kan wannan ya gina sunansa: ƙananan injina a cikin motoci marasa nauyi. A motar da ba ta wuce kilo 1,100 ba, cire kilo 50 kamar ƙara mata doki biyar ne. Na kwashe but: tsohon batir, jarkoki, akwatin kayan aiki da rabinsa ban taɓa amfani da shi ba, katakon lasifika mai nauyin yaro. Safayar taya da jak na bar su, ba na wasa da wannan. Babban abin shi ne wili. Wanda ya sayar min da motar ya sa mata manya masu inci 17 don ado. Na ɗora ɗaya a sikeli tare da tayarsa, na ɗora na asali mai inci 14, bambancin ya haura kilo huɗu a kowace ƙafa. Nauyin da ke juyawa kuwa sau biyu injin ke biyansa, ya tura shi gaba kuma ya juya shi. Tayoyin ma sun ɗan fi na asali tsayi, wanda ke sa kowace giya ta yi wa injin nauyi. Na sayar da manyan, kuɗinsu ya biya min tayoyi masu kyau a kan ƙananan. Muna cikin wannan canji ne Baba ya juya ƙafar baya ta dama da hannu ya ga ba ta sake ba, birki yana ɗan kamawa. Aka kwance aka wanke aka sa giris, ya kuma canza man birki gaba ɗaya, ya ce motar da za ta ƙara gudu sai ta fara iya tsayawa.

Awon ranar 10.2 ne. Ƙanena ya sa muka maimaita don bai yarda ba.

Bayan wata huɗu silinda ta uku ta sake sauka, lokacin sauke kan injin ya yi. Aka canza bawul ɗin da ya ƙone, na riƙe shi a hannu na ga gefensa ya ɗan ci kamar an gutsure. Aka wasa sauran a mazauninsu, aka sa sababbin robobin bawul. Tunda kai yana ƙasa, kuma kuɗin gaskit da aiki an riga an kashe, sai muka yi maganar a ɗan fere fuskarsa don ƙara matsi. Na yi lissafin a takarda. Kowace silinda tana ɗaukar kusan cc 397, a asali fiston yana matse iskar ninki 9.5 ne, wato gurbin da ke saura in fiston ya kai sama kusan cc 47. Faɗin silinda milimita 81 ne, don haka fere rabin milimita zai rage har kusan cc biyu da rabi, ninkin matsi ya koma wajen 10. Ribar da ake samu daga ƙara matsi da lamba ɗaya cikakkiya kashi 3 zuwa 4 ne cikin 100, ke nan rabin lamba doki ɗaya ko biyu ne. Ba zan taɓa ba wa kowa shawarar ya buɗe lafiyayyen injin don wannan ba. Akwai kuma abin lura: in kai ya sauko, kamshaf yakan ɗan koma baya a lokacinsa saboda tazarar bel ta ragu, kuma bawul yana ƙara kusantar fiston. Baba ya ce rabin milimita ya yi yawa ga man da nake samu, muka tsaya a 0.3. Ya goge ƙusoshin zubi da ke cikin hanyoyin iska da ɗan dutse, bai faɗaɗa su ba. Bayan an haɗa, ƙarar tsakuwar nan ta dawo a digiri 12, muka sauko 11.

Matsi ya zama 186, 185, 184, 187. Agogo ya ba da 9.9.

Kamshaf mai tsawon buɗewa shi ne mataki na gaba, kuma shi ne zai ba da ƙarfi na gaske a sama. Na yi makonni ina juya maganar. Zai buƙaci a sake lissafin ƙwaƙwalwa, wataƙila da sababbin sifirin na bawul, injin zai riƙa rawa a tsaye, ƙarfin ƙasa zai ragu, shan mai ya ƙaru. Ni kuwa yawancin tuƙina tsakanin juyi 2,000 da 4,000 yake. Na bar shi. Filawil, faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa, mara nauyi ma na ajiye maganarsa sai ranar da kuloci ya ƙare, tunda ba ya ƙara doki ko ɗaya, saurin hawan juyi kawai yake kawowa a giya ta ɗaya da ta biyu.

Ban taɓa ɗora motar a na'urar auna ƙarfi ba, littafin da ƙanena ke rubuta daƙiƙoƙi a ciki shi ne shaidata, yana nan a aljihun gaban mota. Shan mai ya ragu, domin ba na taka totur har ƙasa don in bi sahun motoci. Na sake bin hanyar nan mai hawa, mu huɗu kamar wancan karon, na tarar da wata babbar mota a kusan wuri ɗaya. Na jira har na ga gaba sosai, na dawo giya ta uku, na taka. Allura ta wuce 4,000 ba ta tsaya shaƙewa ba, na wuce na koma hannuna da sauran fili mai yawa a gabana. Duk wata shida yanzu nakan cire fulogi in duba launinsu, in ɗaura gejin matsi, in leƙa farin layin da Baba ya ja a gindin distiributa in ga ko ya motsa.